Yadda ake zana hasumiyar fitilar teku, daga layin farko zuwa haskenta

Hasumiyar fitila, wadda ake ginawa a gaɓar teku ko a kan wani dutse a tsakiyar ruwa domin ta nuna wa jiragen ruwa hanya da dare, tana daga cikin abubuwan da suka fi dacewa mai koyon zane ya gwada hannunsa a kansu. Sassanta kaɗan ne: doguwar gangar jiki, baranda da ta zagaye samanta, ɗakin gilashi inda fitilar take, sannan rufi. Duk da wannan sauƙi, tana tilasta wa mutum ya koyi yadda ake sa abu mai zagaye ya fito da kaurinsa a kan shimfiɗaɗɗiyar takarda, kuma a ganina wannan shi ne dukkan darasin da ke cikinta. Hasumiya gini ne mai zagaye wanda ake kallo daga ƙasa. Idan ka riƙe wannan a zuciyarka tun daga layin farko, kusan duk shawarar da za ka yanke a kan takardar za ta zo maka da kanta.

Ba kowace hasumiya ce mai zagaye ba. Ta birnin Iskandariyya a Masar, wadda aka gina a ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa, an bayyana cewa hawa uku gare ta: na ƙasa mai kusurwa huɗu, na tsakiya mai kusurwa takwas, na sama mai zagaye. Ta birnin Coruña a Sifaniya, wadda Rumawa suka gina kuma har yau take aiki, ita ma mai kusurwa huɗu ce. Amma wadda za mu zana a nan ita ce irin da aka fi sani, mai faɗin gindi da take tsukewa sannu a hankali zuwa sama.

Kayan aiki

Ka tanadi farar takarda girman A4, wato santimita 21 a faɗi da kusan 30 a tsawo, ka ajiye ta a tsaye. Kana buƙatar fensir guda uku idan da hali: HB domin layukan farko, 2B domin fitar da siffa, da 4B ko 6B domin wuraren da suka fi duhu. Harafin B yana nuna laushin fensir da baƙinsa, kuma gwargwadon girman lambar da ke gabansa gwargwadon duhun da yake bayarwa. Wanda yake da HB kaɗai ma zai iya aikin, sai dai zai riƙa maimaita shafawa kafin ya sami duhu. Sai rula, da abin gogewa mai tsabta, da abin fiƙe fensir, da wata 'yar takarda da za ka ɗora gefen hannunka a kai don kada ya shafe abin da ka riga ka zana.

Ƙashin ginin

Da fensir HB, ba tare da danna hannu ba, ka ja layi a tsaye da rula mai tsawon santimita 18. Ka ɗan gusar da shi zuwa dama ko hagu maimakon tsakiyar takardar, domin a sami fili a ɗaya gefen wanda teku da hasken fitila za su cika daga baya, kuma ka bar kamar santimita 6 a ƙarƙashinsa saboda duwatsu. Wannan layi shi ne tsakiyar ginin, kuma daga gare shi za a auna komai. Ka tabbata ya tsaya daidai da gefen takardar, ta hanyar auna tazararsa daga gefen a sama da kuma a ƙasa, domin idan ya karkata ko da kaɗan, duk abin da aka ɗora masa zai karkata, kuma babu adon da zai ɓoye hakan.

Daga nan ka raba layin da 'yan ɗigo. Daga ƙasa, santimita 13 na farko na gangar jiki ne, santimita 1 na baranda, santimita 2 na ɗakin fitila, santimita ɗaya da rabi na rufi, ragowar rabin santimitar kuma na ɗan ƙwallo da sandar da ke can ƙololuwa. A ɗigon ƙasa ka auna santimita biyu da rabi zuwa dama da biyu da rabi zuwa hagu, faɗin gindi ya zama 5. A ɗigon da ke saman gangar jiki ka auna ɗaya da rabi a kowane gefe, faɗin wuya ya zama 3. Ka haɗa ɗigon gindi da na wuya a kowane ɓangare, sai ka ga jikin hasumiyar ya bayyana. Waɗannan lambobi ba doka ba ne. Abin da ya wajaba shi ne duk abin da ka auna a dama ka auna irinsa a hagu.

Idan kana son ginin ya fi kama da na gaske, kada ka bar gefunan nan a miƙe sak. Ka sa su ɗan buɗe waje a kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasa, ta yadda gindin zai baje a hankali kafin ya taɓa dutse. Wannan siffa tana da asali: injiniyan Ingila John Smeaton, wanda ya kammala hasumiyar duwatsun Eddystone da ke cikin teku a kudancin Ingila a 1759, ya kwaikwayi yadda kututturen babbar bishiya yake faɗaɗa a gindi, domin nauyin ginin ya taru a ƙasa ya jure dukan igiyar ruwa, kuma magina da dama sun bi sawunsa. A zane ma wannan 'yar buɗewa tana sa ginin ya zauna daram. Ka yi ta da hannu, ka fara da gefe ɗaya, sannan ka auna daga layin tsakiya a wurare uku ko huɗu ka mayar da ita ɗaya gefen.

Layin ido, da abin da yake yi wa kowace lanƙwasa

Yanzu ka ja layi a kwance, mara nauyi, daga wannan gefen takarda zuwa wancan, kamar santimita 2 sama da gindin hasumiyar, ya bi ta bayanta. Nan ne sama ta haɗu da teku, kuma nan ne daidai tsayin idon mai kallo. Wannan shi ne wurin da ya kamata a dakata a fahimta sosai kafin a ci gaba.

Ka ɗauki kofi ko gwangwani ka riƙe shi a tsaye a gabanka. Idan bakinsa yana daidai da idonka, za ka gan shi a matsayin miƙaƙƙen layi. Ka ɗaga shi sama da kanka, sai ka ga bakin ya lanƙwasa, tsakiyarsa ta fi gefunansa hawa sama, kuma gwargwadon yadda ka ƙara ɗaga shi gwargwadon yadda lanƙwasar take ƙaruwa. Ka sauke shi ƙasa da idonka, sai lamarin ya juya: layin da ya zagaye gindinsa ya lanƙwasa ƙasa, tsakiyarsa ta fi gefunan sauka. Haka abin yake ga hasumiya. Duk layin da ya zagaye jikinta a sama da layin ido, tsakiyarsa za ta hau sama, kaɗan a kusa da layin ido, da yawa a can wajen baranda. Gindinta kuwa, tunda yana ƙasa da layin ido, zai ɗan lanƙwasa ƙasa.

Saboda haka ka goge duk wani miƙaƙƙen layi da ka ja a kwance a jikin ginin, ka maye gurbinsa da mai lanƙwasa. Hanya mafi aminci ita ce ka zana cikakkiyar da'ira a matse, mai faɗi daga dama zuwa hagu kuma siririya daga sama zuwa ƙasa, har da rabin da yake bayan ginin wanda ba a gani, sannan ka goge wannan rabin. Ka lura da ƙarshen da'irar a dama da hagu: ya kamata ya juya a zagaye, kada ya yi tsini. Tsini a wannan wuri shi ne kuskuren da ya fi yawa a hannun masu koyo, kuma yana faruwa ne idan aka zana rabin da ake gani kawai aka tsaya.

Baranda, ɗakin fitila da rufi

Baranda ita ce dandalin da ya fito waje a saman gangar jiki, inda mai kula da fitila yake tsayawa ya wanke gilashi. Faɗinta ya zama santimita huɗu da rabi, wato ta zarce wuyan ginin a kowane gefe. Tunda tana sama da idonmu sosai, ƙarƙashinta muke gani, ba samanta ba. Ka zana matsattsiyar da'ira a ɗigon wuya. Gefenta na sama a kan takarda shi ne bakin barandar da ya fi kusa da mu, gefenta na ƙasa kuma shi ne na nesa, wanda jikin hasumiyar ya tare tsakiyarsa. Saboda haka sai ka goge wannan yankin da ya ratsa ta kan jikin. A saman bakin na kusa ka ƙara wani layi mai bin lanƙwasarsa domin ya nuna kaurin dandalin. A ƙarƙashi kuma ka sa 'yan tokare huɗu ko biyar da suka tashi daga bango suka tallafi barandar.

Shingen ƙarfen da ya zagaye ta yana da sauƙi: layi ɗaya mai lanƙwasa a sama, da sanduna a tsaye a ƙarƙashinsa. Abin lura a nan shi ne tazarar sandunan. A zahiri tazararsu ɗaya ce, amma da yake suna bin da'ira, na tsakiya sukan bayyana a warwatse, na gefe kuma su matsu da juna har su kusa haɗewa. Idan ka jera su da tazara ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan, barandar za ta koma shafaffiya, duk wahalar da ka sha a kan lanƙwasa ta tafi a banza. Ka fiƙe fensir sosai kafin wannan aikin, domin ƙarfen siriri ne idan aka kwatanta da ginin.

Ɗakin fitila ya fi wuyan ginin tsukewa, faɗinsa kamar santimita 2 da ɗan ɗoriya, kuma gefunansa a tsaye suke sak. Ka raba gilashinsa da sanduna uku ko huɗu, su ma na gefe su fi matsuwa. A tsakiya ka zana 'yar siffa mai kama da ƙwai a tsaye, ka ratsa ta da gajerun layuka a kwance. Wannan ita ce madubin da ke tattara haske, wanda Bafaranshe Augustin Fresnel ya ƙirƙira da zobban gilashi a jere, aka fara amfani da shi a hasumiyar Cordouan ta Faransa a 1823. A wannan girman ba a buƙatar fiye da layuka biyar ko shida don a nuna shi.

Rufin yana iya zama ƙubba ko mai tsini. Ko wanne ka zaɓa, bakinsa ya ɗan zarce gilashin, ya lanƙwasa sama fiye da duk layukan da ke ƙasa da shi, ƙololuwarsa kuma ta faɗa daidai kan layin tsakiya. Ka ɗora ɗan ƙwallo a kai, wanda a tsofaffin hasumiyoyi ta nan hayaƙi da zafin fitilar mai suke fita, sannan siririyar sandar kariya daga tsawa.

Ƙofa, tagogi da ratsin fenti

Ƙofa ce take gaya wa mai kallo girman ginin, don haka a yi hattara da ita. Idan ƙofar gaske ta kai mita 2, kuma ka zana ta santimita 1 a jikin da ya kai santimita 13, to ka nuna gini mai tsawon mita 26, wanda ya yi daidai da hasumiya matsakaiciya. Idan ka zana ta santimita 3, ka mayar da ginin bai kai mita 9 ba. Masu koyo sukan ƙara wa ƙofa girma saboda tana da daɗin zanawa, amma ƙaramar ƙofa ce take ba hasumiya kwarjini. Tagogi su fi ƙofar ƙanƙanta, guda uku sun isa. Kana iya jera su a kan layin tsakiya, ko ka karkata wasu zuwa gefe kamar yadda suke bin matakalar da ke zagayawa a ciki, da sharaɗin duk tagar da ta matsa gefe ta ƙara sirancewa.

Ratsin fentin da ake gani a jikin hasumiyoyi yana da aiki. Da rana fitila ba ta da amfani, don haka ake yi wa hasumiyoyi da dama fenti na daban domin matuƙin jirgi ya gane wadda yake kallo, ya san inda yake. Hasumiyar Smeaton, wadda aka kwashe samanta aka sake ginawa a birnin Plymouth na Ingila, ratsin ja da fari gare ta a kwance. Ta Cape Hatteras a jihar Carolina ta Arewa a Amurka, wadda aka kammala a 1870, baƙi da fari ne suka murɗe jikinta daga ƙasa zuwa sama. Murɗaɗɗen ratsi yana da wuya, gara a bar shi sai hannu ya faɗa. A yanzu ka raba jikin gida biyar da layuka huɗu masu lanƙwasa, ka sa kowane gida ya ɗan gaza na ƙasansa tsawo, tunda abin da ya yi nisa da ido yakan ƙanƙance, sannan ka shafa gida na biyu da na huɗu.

Kafin ka shiga inuwa, ka ɗaga takardar gaban madubi, ko ka juya ta kai ƙasa ka dube ta. Idon da ya daɗe a kan zane yakan saba da karkatarsa, juyawar ce take tona ta. Ka gyara abin da ka gani, ka bi layukan da ka amince da su da 2B, sannan ka goge layin tsakiya da ɗigon awo.

Inuwa, duwatsu da ruwa

Ka yanke shawarar inda rana take, ka sa 'yar alama a kusurwar takardar don kada ka manta. A ce tana sama ta hagu. Ɓangaren hagu na ginin zai kasance fari, duhu kuma ya riƙa ƙaruwa zuwa dama. Sai dai wuri mafi duhu ba a bakin gefen dama yake ba, yana ɗan ciki kaɗan, domin hasken da yake dawowa daga ruwa da sararin sama yakan ɗan haska bakin gefen. Wannan siririn haske da ka bari a gefe shi ne yake sa ido ya yarda cewa bangon ya juya zuwa baya. Ka shafa da gajerun layuka masu bin lanƙwasar jikin, ka fara da sauƙi ka riƙa ƙarawa, kuma inuwar ta bi ta kan farin gida da mai launi baki ɗaya. Ƙarƙashin baranda, cikin ƙofa da tagogi su ne wuraren 4B. Barandar kuma tana jefa inuwa a kan wuyan ginin, wadda ta fi sauka a ɓangaren dama.

Duwatsu ba sa son layi mai laushi. Ka zana su da gajerun layuka masu karyewa, manya a gaba, ƙanana a baya, kowanne da fuska uku: ta sama fara, ta gefe matsakaiciya, wadda ta juya wa rana baya mai duhu. Ka bar wasu su rufe wani yanki na gindin hasumiyar, domin hakan yana dasa ta a cikin wurin. Inuwar ginin ta kwanta a kansu zuwa dama. Ruwa kuwa layuka ne a kwance, dogaye kuma a warwatse a kusa da mu, gajeru kuma a matse yayin da suke kusantar layin ido. Inda igiyar ruwa ta bugi dutse, ka bar farar takarda a matsayin kumfa, ka duhunta dutsen da ke bayanta.

Hasken fitila

A nan sai ka zaɓa tsakanin rana da dare, domin ba a ganin ratsin hasken fitila da tsakar rana, kuma zanen da ya haɗa rana mai ƙarfi da hasken fitila yakan rikita ido. Idan zanen rana ne, ka tsaya a nan, ka ƙara gajimare kaɗan da tsuntsaye biyu ko uku a nesa. Idan kana son fitilar ta yi aiki, to ka mayar da lokacin magariba ko dare.

Madubin Fresnel yana tattara hasken ne ya tura shi a kwance zuwa can nesa inda jirage suke, saboda haka kada ratsin ya nufi ƙasa ko ya harba sama. Daga tsakiyar ɗakin fitila ka ja layuka biyu marasa nauyi zuwa ɓangaren da ka bar fili, su fara a haɗe su riƙa rabuwa kaɗan kaɗan, har tazararsu ta kai kamar santimita 3 a bakin takarda. Fensir ba ya zana haske, abin da yake iyawa shi ne ya duhunta abin da ke kewaye da shi. Don haka ka kwantar da 4B a gefensa ka shafa sararin sama gaba ɗaya, ka bar tsakanin layukan nan biyu fari, duhun ya fi ƙarfi a kusa da ɗakin fitila inda kake son hasken ya fi ƙyalli. Ka murza shafin da 'yar auduga ko takarda mai laushi har ya yi sumul. Sannan ka goge layukan biyu da kansu, domin haske ba shi da baki mai kaifi, ka kuma shafa ɗan toka-toka a ƙarshen ratsin ta yadda zai riƙa dusashewa yayin da yake nisa. Jikin ginin ma sai ka ƙara masa duhu, ka bar ɗan haske a bakin shingen baranda da ƙarƙashin rufi, inda fitilar take taɓawa.

Mai son launi yana iya bin layukan da alƙalamin tawada, ya jira ta bushe sarai kafin ya goge fensir, sannan ya sa ja a ratsin jiki, rawaya mara ƙarfi a haske, shuɗi mai duhu a sama da teku, yana farawa da launi mai haske kafin mai duhu. Idan zanen fensir ne zalla, ka rufe shi da wata takarda kafin ka ajiye, domin 4B yana shafewa da ɗan taɓi. A zane na biyu ka yi amfani da awo iri ɗaya, amma ka ɗaga layin ido zuwa daidai baranda, kamar kana kallo daga kan wani tsauni da ke kusa: barandar za ta zama miƙaƙƙen layi, bakin rufi ya ɗan lanƙwasa sama, ratsin jiki duka su lanƙwasa ƙasa, gindin kuma ya fi kowane layi lanƙwasa.